Wata huɗu da ƙaramin majigi a tsakar gidanmu

Ƙaramin injin haska fim a bango ne, a jikin kwalin da sunan Turanci ya zo, amma Baffa ne ya raɗa masa sunan da ya bi shi. Ranar da na fara haska shi a bangon tsakar gida, ya fito daga alwala, ya tsaya yana kallon hasken da ke ratsa ƙura, ya ce, "Ikon Allah, ashe majigi bai mutu ba." Shi ya riski ƙarshen zamanin motar majigi, wadda ake kafa wa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi a nuna wa jama'a fim ɗin tsafta da noman gyaɗa kyauta. Tun daga ranar kowa a gidan majigi yake ce masa, har yaran maƙwabta.

Na saye shi ne don abu ɗaya. Mu shida ne ko bakwai muke haɗuwa daren Asabar bayan isha'i mu kalli fim mu yi musu a kansa, kuma talabijin ɗin falo ta yi mana kaɗan, na gefe kullum wuya a karkace. Kuɗinsa bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don irinsa sun cika kasuwa, jiki ɗaya ne sai dai tambari ya bambanta. Girmansa kamar burodin gidan shayi, da rimot, da gurbin filash, da na wayar HDMI.

Bari in fara da ƙaryar kwali, don wanda zai saya ya shiga da idonsa a buɗe. An rubuta ƙarfin haskensa dubbai, alhali irin waɗannan ƙanana idan aka auna su da ma'aunin gaskiya ɗaruruwa ne kawai. Da rana ko da labule a sake ba ka ganin komai sai inuwa-inuwa. Ko da daddare sai an kashe ƙwan tsakar gida da na kicin. An kuma rubuta 1080 da manyan lambobi, wato yana karɓar fim mai wannan tsabtar, amma abin da yake iya fitarwa a bango 720 ne. Wannan sai ka duba ƙananan rubutun takardar ciki za ka gani. Abin da bai yi ƙarya a kai ba shi ne cin wuta: wat 60 aka rubuta, kuma ƙaramar inbatar gidanmu tana riƙe shi sa'a huɗu ba ta yi kuka ba, ko an ɗauke wuta ba ma sani.

Taku huɗu daga bango hoto yake kai faɗin ƙofar gareji. Da farko farin zanin gado muka rataya, iska ta riƙa kaɗa shi fuskar jarumi tana lanƙwashewa, sai na sa aka shafe bangon da farin fenti mara ƙyalli. Wannan dubarar ta fi duk wani saiti da ke cikin rimot amfani.

Da Sholay muka buɗe, don Baffa ya ce in ba shi ba ba zai zauna ba. Fim ne na 1975 na Ramesh Sippy, ya haura sa'a uku, kuma na sha kallonsa a waya da talabijin har na ɗauka na san shi. Ashe rabinsa na sani. An ɗauke shi ne da faffaɗan hoto don babban allo, kuma duwatsun Ramanagara inda Gabbar Singh, shugaban 'yan fashi, ya yi sansani sai a bango suke zama duwatsu. A wurin da yake kai-komo a kan dutse yana tuhumar yaransa uku da suka dawo hannu rabbana, a waya fuskar Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar, kawai kake bi. A bango kuwa sai ka ga sauran 'yan fashin zazzaune a saman duwatsu da bindigogi, ka ga tazarar da ke tsakanin mutum ukun nan da kowa, ka gane babu inda za su gudu tun kafin a taɓa kunamar bindiga. Ƙanwata, wadda ta zo da niyyar latsa waya, ta ajiye ta a cinya.

Baffa kuwa fim biyu yake kallo a lokaci guda, na bango da na ƙuruciyarsa. Dharmendra na fitowa ya ce, "Ga Sarkin Ƙarfi nan." Ya shiga ba mu labarin gidajen silimar Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, yawancinsu babu rufi, sama a buɗe, idan hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Ya ce a lokacin wanda aka gani a ƙofar silima sai ya yi wa mahaifinsa bayani, don ana ganin wurin na 'yan iska ne. Na ce, "To Baffa ku ya aka yi kuka sani haka?" Ya ce in mayar da hankali kan fim.

Mako biyu bayan haka maƙwabcinmu, malamin sakandare ne, ya ce tunda mun ga reshe sai mu ga saiwa. Ya kawo Seven Samurai na Akira Kurosawa, na 1954, baƙi da fari, sa'a uku da kusan rabi, da harshen Japan. Na yi zaton kafin a kai rabi za a watse. A nan ne na gano abin da ya sa nake rubuta wannan sharhin: majigin nan mai rauni tsofaffin fina-finai marasa kala ya fi yi wa adalci. Dalilin a fili yake. Masu ɗaukar hoto na wancan zamanin da fitila suke sassaƙa fuska, fari ya fito fari, baƙi ya zauna baƙi, babu wani launi da injin zai ɓata. Hoton kuma kusan murabba'i ne, yana zaune a tsakiyar bango inda idon majigin ya fi kaifi, bai kai gefe-gefen da ke dushewa ba. Yaƙin ƙarshe da aka yi cikin ruwan sama da taɓo, kana ganin kowane ɗigo yana sauka a bayan doki.

Musun da ya biyo baya shi ne mafi tsawo da muka yi, sai da mai shayin bakin layi ya rufe. Labarin ai ɗaya ne: ƙauyen da 'yan fashi suka addaba ya je ya ɗauko mayaƙa. Amurkawa sun maimaita shi a 1960 suka kai shi wani ƙauyen Meziko, Indiyawa a Sholay suka rage mayaƙan zuwa biyu suka ƙara waƙa da ramuwar gayya. Malam ya ce na Kurosawa ya fi gaskiya, don manoman ba su da abin biya sai shinkafa, su kuma suna cin gero, kuma ba a nuna su a matsayin salihai ba: sun ɓoye abinci, sun ɓoye 'ya'yansu mata, an ma samu kayan yaƙin samurai, wato mayaƙan Japan na da, waɗanda suka taɓa kashewa. Baffa ya ce shi fim ɗin da babu waƙa ko ɗaya ta kirki ba ya kiransa fim. Wani abokinmu da danginsa ke wani ƙauye a yammacin Katsina bai ce uffan ba sai can, ya ce shi abin da ya tsaya masa shi ne zaman da dattawan ƙauyen suka yi suna lissafin ko a ba 'yan fashi amfanin gona a zauna lafiya, ko a nemo masu faɗa a ciyar da su. Ya ce an yi wannan zaman a garinsu, ba sau ɗaya ba. Daga nan hirar ta bar Japan, ba ta koma ba.

Aibin da ya fito a daren shi ne fassarar da ke ƙasan hoto. Idan ka ɗora majigin a ƙasa ka ɗaga kansa sama, hoton yana buɗewa ta sama kamar bakin kwarya, akwai ɗan maɓallin gyara shi, amma kana gyarawa ƙasa da sama suna dushewa, kuma rubutun a ƙasa yake. Sai ka zaɓa, ko fuska ta fito ko rubutu. Maganin da na samu shi ne ɗora shi a kan doguwar kujera ya daidaita da tsakiyar bango, a bar maɓallin nan kwata-kwata. Baffa dai ko ya fito ba ya bin rubutun Turanci da sauri, ƙanwata ce take zama kusa da shi tana mayar masa da Hausa, tana ƙara nata gishirin. Wani lokacin fassararta ta fi fim ɗin daɗi.

Mandabi na Usman Sembene, na 1968, ya yi kyau a bango ba laifi, launinsa na rana ne tsantsa, titunan Dakar da manyan riguna. Dattijo ne ɗan'uwansa mai sharar titi a Faris ya aiko masa da takardar kuɗi ta sefa 25,000, abokinmu Bamaraɗe ya ce a ce jaka ashirin da biyar a huta. Gidan waya suka ce sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kowace ƙofa da mai jiran a ba shi na goro, a unguwa kuma labari ya bazu har an fara cin bashi da sunan kuɗin da ba su zo hannu ba. Mun yi dariya har da hawaye, irin dariyar wanda ya taɓa kwana a layin neman lambar shaida.

Sababbin fina-finai ne suka tona masa asiri. Na biya hayar Oppenheimer a intanet, fim ɗin Christopher Nolan na 2023 da ya ci kyautar Oscar bakwai, na haɗa waya da majigin, sauti na fita hoto baƙi ƙirin. Na yi minti ashirin ina cire waya ina mayarwa mutane na jira. Ashe manhajojin kallo na kuɗi suna da kariyar hana kwafa, ba sa yarda a haska su daga waya zuwa injin da ba shi da lasisinsu. Sai da aka ɗauko kwamfuta aka haɗa da wayar HDMI. Babu inda aka faɗi wannan a kwali, kuma mai shagon bai ce mini komai ba.

Da hoton ya zo, sassan da aka ɗauka baƙi da fari sun fito tas, kamar na Kurosawa. Sassan ɗaki mai duhu kuwa sun zama kunun kanwa, baƙar kwat da bangon bayanta duk sun haɗe, sai fuska tana yawo. Masu shirya fim na yanzu suna son duhu, don sun san allon silima da talabijin masu tsada suna iya rarrabe baƙi daga baƙi. Wannan injin ba ya iyawa, baƙinsa toka-toka ne.

Sai kuma fanka. Tana da wani zuuu da kunne ke sabawa da shi idan ana kiɗa ko harbi. Amma a wurin gwajin bam ɗin nukiliya na farko, na Yulin 1945 a hamadar New Mexico, daraktan ya ɗauke sauti gaba ɗaya: haske ya tashi, wuta na murɗawa sama, ba ka jin komai sai numfashin mutane, don haske yana riga ƙara isowa. Wannan shirun shi ne zuciyar fim ɗin. Na gan shi a silima lokacin da ya fito, na ji yadda ɗaki guda ya riƙe numfashi. A tsakar gidanmu kuwa babu shiru, sai zuuu. Da ƙarar ta iso, lasifikar cikin majigin ta yi wani ɗan tari kamar an taka gwangwani. Washegari na sayi lasifika daban. Ta gyara ƙarar, ba ta kashe fankar ba. Ku lissafa kuɗin lasifika a cikin kuɗin majigi tun farko, ta ciki ta sanarwar masallacin unguwa ma ba za ta yi ba.

Tun daga nan muka raba aiki. Sabon fim da aka yi don babban sauti da duhu, idan ana nuna shi kuma aljihu ya yarda, a je silima, a dawo a yi musun a gida. Tsofaffi kuwa, da duk fim ɗin da aka ɗauka cikin hasken rana, na majigi ne. Malam yana ta neman kwafi mai kyau na Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Baffa ya ce ranar da aka samo shi zai gayyato abokansa biyu, a tanadi tabarma.

Hunturu ya kawo nasa. Cikin injin ba a rufe yake ruf ba, fankar tana zuƙar ƙura, kuma a wata na uku wani ɗigo ya bayyana a sama ta hagu, kamar ƙuda ya sauka a bango. Na goge gilashin waje, yana nan, ashe a ciki yake. Mai gyaran waya a bakin kasuwa ya buɗe ya hure shi da iska, ya ce in riƙa rufe shi da ƙyalle idan an gama, kuma kada in toshe ramukan iskarsa da matashi, don zafi yana ƙona gilashin ciki ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya gogewa. Ɗigon ya tafi, wani ƙarami ya dawo bayan sati uku. Yanzu yaran gidan sun sa masa suna, idan ya sauka a goshin jarumi sai su ce ga tabon sallah.

Idan falonka ne da rana kake son kallon ƙwallo, ka ƙara kuɗi ka sayi talabijin. Idan kana da bango, da duhu, da mutum biyar da ba sa gajiya da gardama, ya ci kuɗinsa, da sharaɗin lasifika da doguwar kujera da maganin sauro. Asabar mai zuwa Mother India ne, na 1957. Hajiya ta ce ita ma za ta fito, amma a fara da wuri, kuma kada kowa ya yi mata magana idan an zo wurin ambaliyar.