Yankari ko Masai Mara: ina mai kyamara zai dosa?

Malam, ka ce ka sayi kyamara mai jawo nesa kusa, kana so ka ɗauki namun daji, kana tambayar wanne ya fi tsakanin Yankari da Masai Mara ta Kenya. In hoto ne zalla, Mara ta yi gaba. Amma ni da Yankari zan ce ka fara.

Yanayin dajin shi ne babban abin da ya raba su. Mara fili ne fetal, ciyawa da itatuwa jefi-jefi, sai ka hango zaki kwance tun daga nesa, ga raƙuman dawa, ga jakunan dawa. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma shanun dawan nan masu gemu, sama da miliyan ɗaya, suna tsallakowa daga Serengeti ta Tanzaniya, su faɗa kogin Mara kadoji na jiransu. Hoton da kowa ke nema ke nan, shi ya sa a lokacin motoci ke cunkushewa a bakin kogin, kuɗin shiga ma ya hau. Kuma komai da dala ne, ga kuma kuɗin jirgi zuwa Nairobi.

Yankari ta fi Mara faɗi, murabba'in kilomita 2,244 a kan kusan 1,500, sai dai itatuwa ne da dogayen ciyayi. Giwa na iya tsayawa kusa da hanya ka wuce ba ka gan ta ba. Zakunan sun yi ƙaranci, kada ka sa rai. Bika da mugun dawa kuwa har ƙofar ɗaki suke zuwa a sansanin Wikki, ka dai riƙe ledar abincinka da kyau. A kansu za ka saba da kyamarar, ka koyi haƙuri da saurin hannu tun kafin ka kashe dala.

Lokacin zuwa shi ne komai. Da damina ciyayi sun rufe daji, da hunturu kuma hazo na dusashe hoto. Maris da Afrilu sun fi, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ɓauna da gwanki da giwaye suka koma bakin kogin Gaji. Akwai zafi, amma mutumin Daura irinka ba zai ji tsoronsa ba, ga ruwan Wikki na wanka.

Hanya kuwa ta Kano ce zuwa Bauchi, ka kama titin Gombe, ka karkata a Dindima. Ka kwana a sansanin don ka samu motar farko ta sassafe, kafin rana ta kora dabbobin inuwa.