Na gwada kakin Renaissance a kan tsofaffin kiret ɗin lemo na katako

Duk wanda ya sayi kakin Renaissance da niyyar tsohon kiret ɗinsa ya koma sabo fil, ya yi asarar kuɗinsa. Ba aikinsa ba ke nan, kuma abin da ya sa nake yaba shi ke nan.

Kiret ɗin da nake ajiyewa ragowar shagon mahaifinmu ne, tun zamanin da motar kamfani ke sauke lemon kwalba a cikin katako, kafin na roba su zo su kore su. An kafa Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara ɗura Coca-Cola a Legas a 1953, 7Up kuma ya biyo baya a 1960. Katakon da ya tsira daga waɗancan shekaru ya sha duniya. Yawancin 'yan'uwansa sun ƙare a murhu, wasu sun zama kujerar mai shayi har suka karye. Wanda na fi ji da shi mai gidan kwalba 24 ne, fentinsa ruwan ɗorawa, rubutunsa ja, da ɗaurin ƙarfe a gefuna.

Shi wannan kaki ba na zuma ba ne, daga man fetur ake tace shi. A ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan aka haɗa shi a shekarun 1950, saboda masu kula da kayan tarihi sun lura kakin zuma da ire-irensa suna ɗauke da asid da kan taɓa kaya sannu a hankali. A gwangwani yake zuwa, ƙaramin mililita 65, mai bi masa 200. Fari ne, mai taushi, da ɗan wari mai kama da na kananzir wanda ke gushewa da ya bushe.

Amma kafin a buɗe gwangwanin akwai aiki, kuma nan ne rabin wahalar take. Kakin ba ya cire dattin shekara da shekaru, rufe shi zai yi. Da busasshen buroshin fenti mai laushi na fara, sannan tsohon buroshin haƙori ya shiga gidajen kwalbar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke fitowa daga ƙasan gidajen nan sai wanda ya gani: ƙurar hunturu da ta daskare, kashin ɓera, murfin kwalba da tsatsa ta cinye, da wani baƙin danƙo na lemon da ya zube tun ba a haife ni ba. Danƙon nan ne kaɗai ya buƙaci ruwa. Tsumma aka jiƙa da ɗigon sabulun wanke-wanke, aka matse shi har ya daina ɗiga, aka riƙa dangwalawa. Kada a kuskura a tsoma kiret a baho. Katakon zai kumbura, ƙusoshin su yi tsatsa daga ciki, fentin kuma ya ɗago idan ya zo bushewa. A inuwa ake shanya shi, ba a tsakar rana ba.

Kafintan unguwarmu da ya gan ni a kan aikin cewa ya yi, "Haba Alhaji, wannan wahala haka? Kawo shi in buga masa samfefa in zuba masa banish, wallahi sai ka ga fuskarka a jiki." Na ce, "Malam, ai tsufan nasa nake so." Ya yi dariya ya wuce. A sana'arsa yana da gaskiya, amma masu tara irin waɗannan kaya ba ƙyalli suke saye ba. Rubutun asali suke nema, da tambarin da wasu masu ƙera kiret kan buga a jikin katakon, da gurbin da hannun 'yan dako ya side a wajen riƙo. Samfefa na share duk wannan cikin minti kaɗan. Akwai ma dalilin da ya fi na kuɗi nauyi. Tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, Amurka kanta sai 1978 ta hana fentin gida mai dalma. Mu da muka ga ta'asar da gubar dalmar haƙar zinariya ta yi wa yara a Zamfara a 2010, bai kamata mu tayar da ƙurar tsohon fenti a tsakar gida ba.

Shafawar ba wuya. Ka naɗe yatsa da farin tsumman auduga, ka ɗan taɓa saman kakin, ka shafa siriri. Idan kana ganin fari a jikin katakon, ka cika. Nan da nan yake shan iska, sai a bi da wani busasshen tsumma a goge. Na fara gwadawa a ƙasan kiret inda ido ba ya kaiwa, da na ga jan bai biyo tsumma ba sannan na hau kan rubutun. Ruwan ɗorawar ya ɗan farfaɗo, jan ya fito, amma tabo da ƙujewa duk suna nan inda suke. Ba ƙyalli, sai ɗan sheƙi idan haske ya faɗo ta gefe. Abin da ya fi burge ni shi ne hunturu. A da ƙura maƙalewa take yi a fentin, yanzu tsumma ɗaya ya wadatar. Ɗaurin ƙarfen ma na cire masa tsatsar sama na shafa masa, kuma damina ta wuce bai sake yin ja ba.

A cikin gidajen kwalba, inda katakon ke tsirara da kaushi, bai yi armashi ba. Yana shigewa tsagu ya bushe fari, sai an bi shi da buroshi. Can ciki gara a bar shi haka. Idan ma an yi kuskure ana iya cire kakin da farin sinadarin nan mara ƙarfi na wanke buroshin fenti. Ban da tina, don ita har fentin take ci.

Kakin ba maganin ƙwari ba ne. Idan ka ɗaga kiret ka ga 'yan ƙananan huji da gari mai laushi kamar fulawa a ƙasa, akwai mai ci a ciki. Gidajen tarihi kan ƙulle kayan a leda su sa a firiza mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko fiye, abin da sai mai tsayayyiyar wuta zai iya. Gara kuwa, maganinta a ɗauke kiret daga ƙasa a ɗora shi bisa kantar ajiya, nesa da bango mai laima. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi kada ya kusance shi, ba ya fita har abada. Man linsid da kafintoci kan shafa ma duhunta katako yake yi, kuma tsumman da ya sha shi na iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka yar.

Tsada kam akwai ta. Ni ta intanet na yi odarsa, kuɗin kawowa ya ci ni ƙwarai. Sai dai ƙaramin gwangwanin ya ishi mai kiret biyar ko shida, har ya rage. Wanda kiret ɗinsa na zuba tarkace ne, kakin zuma na wajen masu zuma ya ishe shi, illa dai yana yin laushi a zafin bazara ya riƙe ƙura.

Akwai guda ɗaya da ban shafa wa ba, wanda fentinsa ke ɓantarewa da an taɓa. Tsumma zai kwashe rubutun, kuma da zarar kaki ya shiga ƙarƙashin fentin, gam ba zai ƙara kamawa ba ranar da aka samu wanda ya iya liƙe shi.