Sparse: ya san mai adireshi, amma bai san faɗinsa ba

Shekara biyu ke nan ina aiki da Sparse, manhajar tace kod ɗin C da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2003 saboda kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan kwamfuta. Kunna shi ba wuya. Ka ƙara C=1 a kan make, umarnin da ke haɗa kod ya zama manhaja, sai ya bi fayilolin da ake sake haɗawa ɗaya bayan ɗaya.

Inda ya ci tuta shi ne rarrabe adireshi da adireshi. Manuni (pointer) shi ne abin da ke riƙe adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda aka yi wa alamar __user na shirin mai amfani ne, na __iomem kuma na rajistar na'ura ne. Ran da na manta da readl(), hanyar da kanel ya tanada don karanta rajista, na karanta ta kai tsaye, GCC mai haɗa kod bai ce uffan ba, Sparse kuwa nan take ya nuna mini layin. Wannan kaɗai ya biya.

Sai dai na taɓa sakin jiki da shi, na kuma ji a jikina. Ina rubuta direba, wato kod mai sarrafa na'ura, don wani allon kwamfuta na ARM mai bit 32, sai na zuba adireshin zahiri na RAM cikin unsigned long, wani nau'in lamba a C. Sabo ne ya ja ni, domin a Linux faɗin unsigned long daidai yake da na manuni, ko a bit 32 ko a 64. To amma allon yana da LPAE, tsarin faɗaɗa adireshi na ARM, inda adireshin zahiri ke kaiwa bit 40. Duk abin da ya haura 4GB sai a gutsure masa kai, direba ya nufi wani wuri daban. Kwana uku ina zargin allon, ashe ni ne. Nau'in lambar da ya dace shi ne phys_addr_t, ko dma_addr_t idan na'ura za a miƙa wa adireshin, a kuma buga na farko da %pa, na biyu da %pad, a printk mai buga saƙonnin kanel.

Sparse bai yi ko tari ba. A wurinsa phys_addr_t lamba ce kamar kowace, ba ta ɗauke da wata alama. Haka idan ka juya manunin __iomem zuwa unsigned long, yana kau da kai sai in ka sa -Wcast-from-as da kanka. Ga yawan surutu a tsofaffin fayiloli, har gargaɗin da ya shafe ka ya nutse a cikin na wasu.

Har yanzu ba na tura gyara sai na bi ta kansa. Amma yanzu ina ƙara haɗa kod ɗin don bit 32 da LPAE a kunne, in bi kowane unsigned long da ido in ga me aka zuba masa.