Mai aikin wutar da ya sake mana wayoyin gida a Hotoro

Matan unguwarmu da dama sun tambaye ni wa ya yi mana aikin wuta, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba. Shagonsa yana nan Hotoro, a Kano. Kowa Injiniya yake ce masa, kodayake shi da bakinsa ya gaya min makarantar koyon sana'a ya yi, sannan ya zauna ƙarƙashin ubangida har aka yaye shi.

Sana'ata ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, don haka firiza ita ce jarina. Soket ɗin da ke bayan babbar firizar ya riƙa zafi har robarsa ta yi baƙi, ga warin ƙauri da daddare. Famfon banɗaki kuma yana ɗan jan mutum in an kunna hita. Wanda muka saba kira sai ya zo ya canza soket ya tafi, bayan ɗan lokaci sabon ma ya ƙone.

Injiniya bai zo da sabon soket a aljihu ba. Ya fara kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya gwada da abin gwajinsa ya tabbatar babu wuta, sannan ya kwance soket ɗin ya jawo wayar. Ya fere robar, ya sa wuƙa ya kankare ƙarfen, ya miƙo min.

"Hajiya, duba nan. Wane launi kika gani?"

Fari ne tas a ciki. Jan da ke waje shafe ne kawai. Ya ce alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, kuma ko da na gaske ne, kaurinsa 1.5 ne, wato wayar fitila da fanka. Soket na son 2.5, hita da na'urar sanyaya ɗaki kuma 4, kowannensu da layinsa daban. A gidanmu firiza biyu, dutsen guga da butar dafa ruwa duk a kan siririyar waya ɗaya suke. Ya yi min lissafi a bayan kwali: wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, buta mai wat 2,000 ita kaɗai tana jan kusan amf 9, ina ga an haɗa mata da guga. Wayar ta yi zafi, inda aka ɗaure ta da noti ya saki, wurin ya riƙa tartsatsi yana cin robar. Na daɗe ina kallon guntun wayar nan a hannuna, domin ɗakin da yarana ke kwana bango ɗaya ne da wannan soket.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi da maganar kuɗi. Ya rubuta kayan da ake buƙata a takarda, kuɗin aikinsa daban a ƙasa, ya ce shi ba ya son a ba shi kuɗin kaya a hannu. Babban ɗana ya bi shi France Road a Sabon Gari, suka sayo wayar Coleman, kuma a gaban mai shagon ya kankare bakin kowane naɗi kafin a biya. Rasit ya dawo hannuna. Kuɗin aikinsa ya fi na wancan nesa ba kusa ba, kuma bai rage min wani abin kirki ba duk da na roƙa. A lokacin na ji zafin haka. Amma araha ba ta ado, kuma na riga na ga abin da ta bar min a cikin bango.

Maganar famfo kuwa, ashe gidan ba shi da wayar ƙasa sam, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Koriyar wayar tana nan a wasu soket ɗin, amma ba ta je ko'ina ba. Ya haƙa rami a bayan gida inda ƙasa ke da danshi, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya haɗa ta da akwatin rarraba wuta. Hitar ma ƙarfen cikinta ya tsage, aka canza shi. Tsofaffin fis ɗin da aka ɗaure da zaren waya duk ya cire, ya sa masu faɗuwa da kansu, ya ƙara wani babba mai miliamf 30 wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa, ya ce in riƙa danna shi lokaci-lokaci, in wuta ba ta ɗauke ba in kira shi. Kowane makunni ya manna masa takarda da Hausa: kicin, firiza, hita, ɗakin yara.

Wuri ɗaya muka yi ja-in-ja da shi, wato janareta. Da ma waya mai kai biyu muke sokawa a soket in an ɗauke wuta. Na ce ya bar mana ita haka tunda kuɗi sun yi ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba zan sa hannuna ba. Ranar da aka manta ba a kashe babban makunni ba, wutar janaretanku za ta koma kan layi, wanda ke saman falwaya yana gyara ita za ta kashe." Ya sa mana makunnin canji, wanda ba zai taɓa barin wutar gari da ta janareta su haɗu ba. Mita kuma ko taɓa ta bai yi ba, ya ce ta KEDCO ce, kamfanin da ke raba wuta a Kano. Da ɗana ya tambaye shi takardar shaida, ya nuna masa ta NEMSA, hukumar gwamnatin tarayya da ke tantance masu aikin wuta.

Ga inda ya gaza. Ba ya cika alƙawarin lokaci. Ya ce ƙarfe tara, sai bayan azahar ka gan shi, kuma waya ba ta shiga. Ga mai sana'a irina wannan asara ce, domin na kashe firiza tun safe ina jira, ƙanƙara tana narkewa. Sannan bangon da suka fasa don binne bututun waya haka suka bar shi, ya ce shafe aikin magini ne. Wataƙila haka ne, amma ya kamata ya faɗa tun ranar da muka yi ciniki, ba bayan an gama ba. Yaransa ma sun bar guntayen waya da ɓaraguzai a tsakar gida, ni da 'yata muka share, alhali akwai mai rarrafe a gidan. Na gaya masa, ya ba da haƙuri, amma bai turo kowa ba.

Tun da aka gama, nakan sa tafin hannu a kan soket ɗin firiza da rana tsaka, lokacin da komai ke kunne, in ji shi da sanyinsa. Famfo ya daina ja. Ɗakin baƙi da shagon ƙofar gida har yanzu tsohuwar wayar ce a ciki, ya cire su daga layi har sai an sake. Ina tara kuɗin, kuma shi zan kira, sai dai wannan karon da magini a cikin cinikin.