Wata takwas kafin mu kwana a gidan da muka saya a Unguwar Dosa: ra'ayina kan ofishin dillalan da ya yi mana hidima

Ranar da na fara shiga ofishin, wanda ke kan hanyar Kawo a Kaduna, na tambayi shugabansu tsawon lokacin da za mu ɗauka kafin iyalina su tare a gidan kanmu, sai ya ce: "Malam, in dai kuɗinka na hannu, mako shida ya ishe mu." Na yarda da maganarsa har na sanar da mai gidan da muke haya a Tudun Wada cewa ba za mu sabunta ba. Wata takwas da 'yan kwanaki muka yi kafin mu kwana a sabon gidan, kuma a kan wannan tazara nake so in auna aikinsu.

Neman gidan bai ba mu wahala ba. Cikin mako uku sun zagaya da ni gidaje a Malali da Badarawa da Unguwar Dosa, ba su kuma ɓata mini lokaci da waɗanda suka fi ƙarfin aljihuna ba, abin da dillalan bakin titi suka saba yi.

Inda suka fi burge ni shi ne batun takardu. Tun kafin a yi maganar kafin alƙalami, shugaban ofishin ya dage sai lauya ya je hukumar KADGIS, wadda ke riƙe da bayanan filayen jihar Kaduna, ya tabbatar da cewa sunan da ke kan takardar shaidar mallaka shi ne na cikin kundin gwamnati, kuma ba a jinginar da gidan a wani banki ba. Lauyan ya bayyana mini cewa a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, don haka mayar da gida mai irin wannan takarda zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna, kuma takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kaɗai ba sa wadatarwa. Wannan bincike ya ci kusan mako biyu, ban kuwa yi nadamar ko kwana ɗaya daga ciki ba, domin a nan ne ya fito fili cewa sunan marigayi ne a kan takardar.

Ashe gidan gado ne. Ofishin ya san haka tun farko, amma bai faɗa mini ba sai da lauya ya gano, kuma wannan ne babban laifin da nake gani a gare su. Magada bakwai ne, ɗaya yana aiki a Legas, biyu suna aure a Zariya da Kano, kuma lauya ya ƙi amincewa a biya ko sisi sai kowannensu ya sa hannu a gaban shaidu, tare da takardar kotun da ta raba gadon. Yana da gaskiya, domin magajin da ba a nemi yardarsa ba yana iya tasowa bayan shekaru ya ce ba a sayar da rabonsa ba. Wata biyu cur muka yi muna jiran a haɗa kansu. Duk lokacin da na kira, amsar ita ce: "Ka ƙara haƙuri, Malam, saura ƙiris."

Bayan an biya kuɗi, an ba dillalan la'adarsu ta kashi 5 cikin 100, sai batun ɗan hayar da ke cikin gidan ya taso. Mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata shida, shi kuwa babu wanda ya ba shi. Mutumin kirki ne, ya amince ya tashi idan kuɗinsa ya ƙare bayan wata huɗu, kuma ban ga dalilin matsa wa magidanci mai 'ya'ya a makaranta ba. Sai dai ni ma nawa wa'adin ya cika a Tudun Wada, dole na roƙi mai gida ya karɓi kuɗin wata-wata, wanda ya fi na shekara tsada.

Da muka karɓi makulli damina ta riga ta kankama, ruwan Agusta ya nuna mana duk inda kwano ke yoyo. Kafinta da mai fenti da mai aikin famfo, waɗanda ofishin ne ya haɗa ni da su kuma sun yi aiki mai kyau a farashi mai sauƙi, sun ɗauki mako biyar, domin bango mai danshi ba ya riƙe fenti.

Zan iya tura ɗan'uwana wurin waɗannan dillalai, saboda ba su taɓa kuɗina ba kuma takardun gidan ba su da matsala. Amma zan gaya masa ya tambaye su tun ranar farko ko gidan na gado ne, ko akwai mai haya a ciki, da kuma yaushe kuɗinsa zai ƙare, sannan kada ya sallami gidan hayarsa sai makulli ya shiga hannunsa. Takardar neman mayar da gidan zuwa sunana tana kan hanya, lauyan ne yake bibiyar ta, kuma har yanzu shugaban ofishin yakan kira ni ya ji inda aka kwana.