Sharhi kan littafin tarihin Ralph Bunche da na saya ta intanet

Abu ɗaya kacal na sani game da Ralph Bunche kafin in yi odar wannan littafi, wato shi ne baƙar fata na farko da aka ba lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a shekarar 1950. Na ɗauka labarin wani babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya zan karanta, wanda ya hau kujerarsa ya sauka lafiya, amma babi guda ya isa ya sa na ce kuɗina sun biya.

Babin shi ne na shekarar 1949. Bayan an kashe Folke Bernadotte, mai shiga tsakani na Majalisar Ɗinkin Duniya, a birnin Ƙudus a watan Satumba na 1948, Bunche ne ya gaji aikin shiga tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, ya kuma zauna da wakilansu a tsibirin Rhodes har aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta da Masar a watan Fabrairu, sannan ta Lebanon da ta Jodan da ta Siriya suka biyo baya. Ana cikin yabonsa ne Shugaba Truman ya yi masa tayin muƙamin mataimakin sakataren harkokin wajen Amurka, sai ya ce ba ya so. Dalilinsa kuwa shi ne birnin Washington, inda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Howard, har lokacin makarantun yara a rarrabe suke, kuma otal-otal da gidajen abinci da dama ba sa karɓar baƙar fata. 'Ya'yansa mata sun sha tafiya mai nisa zuwa makarantar baƙaƙe alhali ga ta farare kusa da gidansu, saboda haka ya ƙi mayar da iyalinsa cikin wannan ƙasƙanci don muƙami. Na ajiye littafin na daɗe ina juya maganar, domin mun saba ganin mutum ya haɗiye wulaƙancin da ya fi wannan don kujerar da ba ta kai wannan ba.

Marubucin ya kuma kawo abin da ya faru a 1959, shekara tara bayan lambar Nobel, lokacin da wani kulob ɗin wasan tanis da ke unguwar Forest Hills a New York ya sanar da shi cewa ba a ɗaukar baƙaƙe da Yahudawa, don haka shi da ɗansa ba za su zama mambobi ba. Sai da jaridu suka yi ca a kan lamarin, shugaban kulob ɗin ya ajiye muƙaminsa. Wannan wuri ma an rubuta shi da kyau, ba tare da kwarmato ba.

To, sai dai kwafin da aka aiko mini yana da naƙasa, kuma naƙasar ta faɗo daidai inda na fi ɗokin karantawa. A ƙarshen 1937 Bunche ya yi kusan wata uku a Afirka ta Kudu, tun kafin a kafa tsarin wariyar launin fata a hukumance a 1948, amma dokar filaye ta 1913 da takardun izinin zirga-zirga sun riga sun ɗaure baƙaƙen ƙasar tamau. Ina cikin karanta yadda ya sauka Cape Town, ina jiran in ga yadda mutumin da ya taso cikin wariyar Amurka zai auna ta da wadda ya tarar a can, kawai sai na ga shafukan da na riga na wuce sun sake dawowa. Shafi goma sha shida cur aka maimaita, waɗanda ya kamata su kasance a wurin kuma babu su, da na ci gaba sai na tsinci Bunche ya riga ya isa Kenya. Na duba ɗinkin littafin da kyau, ba yagewa aka yi ba, tun daga maɗaba'a aka haɗa shi haka.

Na rubuta wa mai sayarwar, aka ce in turo hotunan shafukan, na tura. Daga nan shiru ya biyo baya, sai da na matsa sannan aka amsa mini cewa za a yi mini ragi idan na sake sayen wani abu a wurinsu. Wannan amsa ta fi ɓacewar shafukan ƙona mini rai, domin cikakken littafi na biya, kuma ragi a kan wani kaya ba zai dawo mini da babin Afirka ta Kudu ba.

Wataƙila ɓacin ran ne ya sa na fara karanta sauran da idon mai bincike, amma akwai wuraren da nake ganin marubucin ya yi wa gwaninsa sassauci. Yarjejeniyoyin 1949 sun tsayar da harbi, hakane, amma Falasɗinawa kusan dubu 700 da suka rasa gidajensu a yaƙin 1948 ba su koma ba, kuma littafin ya wuce wannan batu cikin 'yan layuka kamar mai tsallake kwata. Haka ma rikicin Kwango na 1960, inda dangantaka ta yi tsami tsakanin Bunche, wanda ke wakiltar Majalisar Ɗinkin Duniya a can, da firaministan ƙasar Patrice Lumumba: an ba da hujjojin Bunche filla-filla, an bar na Lumumba a dunƙule, alhali mai karatu a Afirka yana da haƙƙin jin ɓangarorin biyu. Aikinsa a sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yankunan amana, wato yankunan da aka ba wasu ƙasashe riƙonsu kafin su samu 'yanci, shi ma an taƙaita shi, duk da cewa tsarin ne ya kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wadda ta sa Arewacin Kamaru ya haɗe da Nijeriya ya zama Lardin Sardauna.

Duk da haka ban daina ganin girman mutumin ba, musamman da na karanta cewa a 1965, ga rashin lafiya ga shekaru, ya fito ya yi tattaki tare da Martin Luther King a jerin gwanon neman 'yancin baƙaƙe daga Selma zuwa Montgomery. Tauraro huɗu na yi niyyar bayarwa tun farko, amma uku zan bayar, kuma biyu daga ciki na Bunche ne. Wanda zai saya ya buɗe babin 1937 ya bi lambobin shafukan ɗaya bayan ɗaya tun ranar da kayan suka iso, kafin wa'adin mayarwa ya wuce.