Masu ɗaukar hirar tsofaffi a Kura: abin da muka samu da kuɗinmu

Akwai wani ɗan shago a Kura, maƙale tsakanin mai sayar da katin waya da mai gyaran injin ban-ruwa, inda wani saurayi da ƙanwarsa ke wata sana'a da ban taɓa jin irinta a ƙauyukanmu ba. Za ka biya su, su zo har gida su zauna da tsohonka ko tsohuwarka, su naɗi hirar a na'ura, su rubuta ta, sannan su kawo maka katin memori da ɗan littafi. Shi ilimin zamantakewar al'umma ya karanta a jami'a, ita kuma Hausa a kwalejin horon malamai. Aikin albashi bai samu ba, sai suka mayar da dabarun binciken da aka koya musu abin neman tuwo. Mu muka kira su don Baffa da Gwaggo, kuma tunda 'yan uwa na Legas da Fatakwal da suka sa hannu a karo-karon sun dame ni da tambayar ko aikin ya ci kuɗinsa, ga bayani.

N40,000 suka karɓa na mutum biyu, man babur a wuyanmu. Goro da sabulun gaisuwa kuwa daga aljihunsu suka saya.

Baffa marini ne, ya haura tamanin. A gabansa karofin ƙauyenmu ya mutu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura, samari suka ga shinkafa da alkama da tumatir sun fi muciyar rini kawo kuɗi, ga kuma atamfar kanti ta cika kasuwa. Yau ramukan rinin shara ake zubawa a ciki. Duk wanda ya san yadda ake tada su a ƙauyen nan, in ka cire Baffa, yana makwanci.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne zuwansu na farko ba su ko fito da na'ura ba. Sun fara zuwa gaida mai unguwa, sannan suka zo suka durƙusa gaban Baffa suka faɗa masa abin da za su yi, da wanda zai ji, da cewa duk maganar da ya ga ba ya so ta zauna, ya faɗa a goge. Na ɗauka faɗa ce kawai. Sai ga shi rannan baki ya kwashe shi ya ba da labarin wani tsohon bashi tsakanin gidanmu da wani gida da yanzu surukanmu ne. Da ya ankara ya ce, “Yaro, cire wannan.” A gabansa aka goge, aka kunna masa ya ji babu. A garin da kowa ɗan uwan kowa ne ko surukinsa, wannan kaɗai ya isa a yaba.

Sai salon tambayar saurayin, wanda a nan ne na ga amfanin karatun. Ni da kaina na sha zaunar da Baffa in ce ya ba ni tarihin rini, sai ya ce ai da can akwai albarka, yanzu babu, shi ke nan hira ta ƙare. Shi wannan yaro bai tambayi tarihi ba. Kama hannunsa ya yi suka taka har tsohon karofi, ya nuna wani rami da ciyawa ta rufe ya ce, “Baffa, wannan na wane ne?” Daga nan fa bakin tsoho ya buɗe. Ya lissafo masu ramukan ɗaya bayan ɗaya har da laƙabinsu. Ya bayyana yadda ake kwashe abin da ya kwanta a gindin rami a ƙona shi ya zama katsi, a haɗa da dafara da gashin dabbobi a yi laso, a shafe cikin ramin don kada ya sha ruwa. Ya faɗi yadda ake zuba baba da toka, a bar su su jiƙa, a riƙa motsawa da muciya har kumfa ta nuna rini ya tashi, da yadda marini ke gane haka ta wari tun kafin ya leƙa. Ya kai har wurin mabuga, inda ake bugun turkuɗi da shuni har ya riƙa ƙyalli, irin wanda Buzaye ke zuwa saye don rawani. Duk tsawon lokacin nan yaron bai katse shi ba. In Baffa ya yi shiru, shi ma sai ya yi shiru, kuma sau da yawa bayan shirun ne maganar da ta fi daraja ke fitowa.

Wata dabara da ta burge ni ita ce ta gano shekara. Baffa bai san lissafin shekarun Turawa ba, amma yaron na da takarda da ya jera manyan abubuwan da kowa ke tunawa: komawa tuƙi ta dama a 1972, zuwan naira da kwabo a 1973, kisan Murtala a 1976. Sai ya ce, “Baffa, lokacin da kuka daina kai kaya Kano a jaki, da fam ake ciniki ko da naira?” Da irin wannan ya daidaita labaran, kuma inda maganar Baffa ta saɓa da ta wani tsohon mabugi da ya je ya tambaya, ya rubuta duka biyun bai zaɓi ɗaya ba.

Amma in za a tambaye ni abin da ya fi komai tsada a katin nan, hirar Gwaggo ce. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, shi ya sa ƙanwar take da muhimmanci a wannan sana'a. Ita ta ba ni labarin wata Baturiya, Mary Smith, da ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, abin da mijinta mai binciken bai isa ya samu ba. Haka ƙanwar ta yi da Gwaggo. Ta roƙe ta ta fito da tsohon mazarinta, aka nemo auduga, Gwaggo ta shafa alli a yatsa ta fara kaɗi, waƙoƙin suka dawo da kansu. A nan na ji cewa da kuɗin zare da abawa kakarmu ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, kuma akwai shekarar da hatsi ya ƙare, kuɗin kaɗin nan ne ya riƙe gidan har kaka. Baffa bai taɓa faɗin wannan ba. Ko ya manta, ko kuwa maza ba su lissafa shi cikin tarihi.

To, ga inda suka gaza. Sun zo da wata takardar tambayoyi mai akwatuna, irin ta makaranta: shin al'ada na da muhimmanci, ka yarda ƙwarai, ka yarda kaɗan, ko ba ka yarda ba. Baffa ya dube shi ya ce, “Wace al'adar? Ta aure ko ta bori?” Gaskiyarsa. Ɓata lokaci ne, kuma ina zaton don wani binciken nasu na daban suke tara amsoshin, wanda ya kamata su faɗa tun farko. Sautin hira ɗaya ma injin niƙan maƙwabta ya cinye rabinsa. Da sun tambaye mu, da mun ce su zo da hantsi kafin a tada shi.

Littafin ne ya fi ɓata mini rai. Gabatarwarsa ba laifi, sun kawo cewa Barth, matafiyin Jamus da ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin nisan da rinannen tufafin Kano ke kaiwa, har Tambutu, da kuma cewa Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ta rini ya yi babban bincikensa. Amma da aka zo maganar Baffa sai suka wanke ta tas. Rantsuwarsa, maimaicinsa, zagin wasa da yake wa abokansa matattu, duk an share, aka bar Hausar labaran rediyo. Wanda ya san shi ba zai gane shi a takardar ba. Ga shi kuma kwamfutar da aka buga da ita ba ta da haruffa masu ƙugiya.

A allon shagonsu sun rubuta cewa suna adana al'adu. Ni a ganina murya suke adanawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ɗaya ba ne da sana'a. Ko yarjejeniyar 2003 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan irin wannan gado ta sa miƙa shi ga na baya cikin ma'anar kiyaye shi, kuma hawan sallar Kano da aka sa a jerinta a 2024 ya shiga ne yana da mahayansa. Babu yaron da zai iya haɗa laso don ya saurari katin nan. Na ba su shawara su riƙa neman a zaunar da jikoki a wurin hirar, ko ɗaya zai ɗauki wani abu da hannunsa. Sun ce za su gwada.

Wanda zai kira su, ya nemi a rubuta a takarda cewa ba za su ɗora hirar a Facebook ko TikTok ba sai da izinin gida, domin kwafi na zama a wurinsu. Ya kuma ce a ba shi kati biyu, ɗaya ya zauna a wani gidan. Ni na biya su, amma na riƙe N3,000 sai sun sake buga littafin da maganar Baffa yadda ta fito daga bakinsa, da ƙugiyoyinta. Sun ce sai bayan yankan shinkafa.